Big Boy, 844 ko 611: Wane Kan Jirgin Tururi Ya Cancanci Mutum Ya Yi Tattaki Dominsa?

Duk wanda ya tashi a Zariya ko Kaduna ko Kafanchan kafin dizal ya karɓe layin dogo, ko kuwa ya ji labari daga bakin iyayensa da suka yi aikin reluwe, ya san cewa jirgin ƙasa na da da wuta da ruwa yake tafiya. Kwal ake kawo masa daga Inugu, ruwa ya tafasa a tukunya, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Wannan sana'a ta mutu kusan ko'ina a duniya, amma a Amurka, inda aka ƙera mafiya girman waɗannan injuna, akwai 'yan kaɗan da aka adana, wasu a girke a gidajen tarihi, wasu kuma har gobe ana hura musu wuta su hau layi. Mutumin da hanya ta kai shi can, ko ɗalibin injiniya ne ko ɗan kasuwa ko mazaunin ƙasar, da wuya ya sami lokaci da kuɗin bin su ɗaya bayan ɗaya, domin tsakanin Cheyenne da ke jihar Wyoming da Roanoke da ke jihar Virginia tafiyar kwana biyu ce a mota. Injuna uku ne sunansu ya fi fitowa idan ana wannan magana: Big Boy mai lamba 4014 da kuma mai lamba 844, dukansu na kamfanin Union Pacific, sai mai lamba 611 wanda kamfanin Norfolk and Western ya ƙera. Ba aiki ɗaya aka yi su dominsa ba, kuma abin da kowannensu zai nuna wa mai ziyara daban ne.

Kafin a shiga kwatanci, ya kamata mai zaɓi ya iya karanta lambobin da ake rubutawa kusa da sunan kowane inji, irin su 4-8-4 ko 4-8-8-4, domin rabin amsar tambayoyinsa a cikinsu take. Tsarin ƙirga ne da wani injiniya mai suna Frederick Whyte ya fito da shi a farkon ƙarni na 20. Lambar farko ita ce yawan ƙananan ƙafafun gaba, waɗanda ba sa jan komai, aikinsu kawai su riga shiga kwana su ja hancin injin ya bi su. Lambar ƙarshe ita ce ƙafafun baya masu ɗauke da nauyin murhu. Na tsakiya kuwa su ne manyan ƙafafun da sandunan ƙarfe suka haɗa da fistin, kuma su ne masu aikin ja. Da 844 da 611 duk 4-8-4 ne, wato manyan ƙafafu takwas da silinda biyu. Big Boy kuwa 4-8-8-4 ne, ma'ana rukuni biyu na ƙafafu takwas-takwas, kowane rukuni da nasa silinda biyu, inji biyu ke nan a ƙarƙashin tukunya guda.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Kan jirgin tururi ba shi da giya. Direban tirela idan ya tunkari hawa yana iya komawa giya ta ɗaya, idan ya samu miƙaƙƙiyar hanya ya ƙara, amma wannan inji giyarsa ita ce faɗin ƙafarsa, kuma sau ɗaya ake zaɓarta, ranar da aka zana shi a takarda. Ƙafar 844 faɗinta inci 80 ne, wato ta ɗan haura mita biyu, ta fi dogon mutum tsawo, kuma duk juyi ɗaya tana cin kusan mita shida da rabi na layi. Ta Big Boy inci 68 ce, juyinta ɗaya bai kai mita biyar da rabi ba. Babbar ƙafa gudu take bayarwa ta rage ƙarfin ja, ƙarama kuma ƙarfi take bayarwa ta rage gudu, shi ya sa tun daga nesa, ba tare da an gaya wa mutum komai ba, zai iya rarrabe injin fasinja da na kaya. Sannan akwai iyakar da ba a ƙetarewa: ƙafar ƙarfe a kan layin ƙarfe ba ta iya ja fiye da kimanin rubu'in nauyin da ke danne ta, in an matsa mata sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Don haka ne ake ɗora tulun yashi a saman tukunya, da bututun da ke zuba shi daidai gaban ƙafafu idan layi ya jiƙe, kuma don haka ne duk mai neman ƙarin ƙarfi dole ya ƙara nauyi da yawan ƙafafu.

Daga nan Big Boy ya samo asali. Union Pacific yana da matsala a duwatsun Wasatch, tsakanin Ogden a jihar Utah da Green River a Wyoming, inda layi ke hawa mita 1.14 a cikin kowace mita 100 idan an nufi gabas. A ido wannan ba hawa ba ne, mai keke ma ba zai sauka ba, amma ga jerin taragu masu nauyin dubban tan katanga ce. A da sai an ƙara inji na biyu ya taimaka, wanda ke nufin ƙarin ma'aikata, da tsayawa a haɗa, da tsayawa a kwance, da mayar da mai taimakon ƙasa hannu rabbana. Sashen zane na kamfanin, ƙarƙashin Otto Jabelmann, ya sa wa kansa buri guda: inji ɗaya da zai haye da tan 3,600 shi kaɗai, kuma idan ya fita fili ya yi gudun da ba zai tare wa sauran jirage hanya ba. Kamfanin ALCO da ke Schenectady a jihar Niyok ya ƙera guda 20 a 1941, ya ƙara biyar a 1944, suka zama 25. An so a raɗa musu sunan Wasatch, sai wani ma'aikacin masana'antar ya rubuta Big Boy da alli a gaban na farkon, sunan ya bi su har yau.

Tsawonsa tare da taragon ruwa da makamashi ya kai mita 40 da ɗoriya, nauyinsu gaba ɗaya ya haura tan 540. Matsin tururin da ke cikin tukunyarsa 300 ne a ma'aunin da mai faci ke duba iskar taya da shi, alhali tayar ƙaramar mota 30 da 'yan kai ake sa mata. Ƙarfin jansa a lokacin tashi fam 135,375 ne, kimanin tan 61, wanda ya yi daidai da rubu'in nauyin da ke kan manyan ƙafafunsa goma sha shida. Amma abin da ya fi ba ni mamaki a jikinsa shi ne murhu. Shimfiɗar da wuta ke ci a kanta ta kusa murabba'in mita 14, faɗin ɗakin kwana sosai, kuma an yi ta haka ne domin kwal ɗin Wyoming da kamfanin ke haƙowa ba mai zafi ba ne ƙwarai, sai an ƙona da yawa. Babu ɗan adam da zai ciyar da wannan wuta da shebur. Wani dogon ƙarfe mai murɗe kamar na injin niƙa ne ke jawo kwal daga taragon baya ta ƙarƙashin ƙafafun ma'aikata, ya farfasa shi, sannan tururi ya watsa shi ko'ina a cikin murhun, mai kula da wuta kuma aikinsa murɗa famfuna da duban launin hayaƙi. Taragon yana ɗaukar tan 28 na kwal da ruwa kusan lita 95,000, kuma a kan hawa mai tsanani wannan guzuri ba ya daɗewa.

Inji mai wannan tsawo ba zai sha kwana ba idan sandararre ne, saboda haka rukunin ƙafafun gaba a sake yake, an maƙala shi da na baya ta wata gaɓa, yana karkata hagu ko dama yana bin layi yayin da tukunyar ke zamewa a kansa. Wanda ya tsaya a wajen kwana zai ga hancin tukunyar ya leƙo gefe kamar zai bar layi, alhali ƙafafun sun riga sun juya. Asalin dabarar ta Anatole Mallet ce, injiniya ɗan Suwizalan, sai dai shi a tsarinsa tururi sau biyu yake aiki, ya fara da silindar baya ya ƙare a ta gaba, Big Boy kuwa duk silindarsa huɗu kai tsaye suke sha daga tukunya. A nahiyarmu wata hanyar aka bi wajen warware wannan matsala. Layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, na Amurka kuwa 1,435, irin faɗin layin Abuja zuwa Kaduna na yanzu, kuma ƙarfen layin namu da gadojinsa ba za su ɗauki irin wancan nauyi ba. Sai aka kawo samfurin Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchester a Ingila, wanda ake rataye tukunyarsa a tsakiya kamar gada tsakanin inji biyu, nauyi ya bazu a kan ƙafafu masu yawa. Reluwen Najeriya ya yi aiki da su tun shekarun 1930, haka ma Kenya da Afirka ta Kudu.

Big Boy bai yi tsawon rai a bakin aiki ba. Shekarunsa na ƙarshe a kan tudun Sherman ya yi su, tsakanin Cheyenne da Laramie, kuma a watan Yulin 1959 ya ja kayansa na ƙarshe. Takwas ne suka tsira daga masu yankan ƙarfe. Mai lamba 4014, wanda ya yi tafiyar fiye da mil miliyan ɗaya kafin a ajiye shi a 1961, ya shafe sama da shekara hamsin a girke a Pomona ta jihar Kalifoniya, har kamfanin ya karɓo shi a 2013, ya ja shi zuwa Cheyenne, aka kwance shi ƙusa-ƙusa aka sake ɗaurawa. Ya koma layi a watan Mayun 2019, daidai da cika shekara 150 da haɗe gabashin Amurka da yammacinta da layin dogo a 1869. Shi ne kan jirgin tururi mafi girma da ke aiki a duniya a yau, kuma wannan kaɗai ya isa dalili ga mutane da yawa. Sai dai akwai abin da ya kamata mai tattaki ya sani. An sauya masa makamashi daga kwal zuwa mai, saboda haka wancan ƙarfe mai jawo kwal ba ya nan, kuma abin da yake ja yanzu 'yan taragun alfarma ne waɗanda ba su kai ya ji a jikinsa ba. Mai kallo zai ga girma, zai ji ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa, zai ji usur ɗin da ke ratsa ƙirji, amma ba zai ga aikin da aka haife shi dominsa ba.

Mai lamba 844 wani hali ne daban. Shi ne kan jirgin tururi na ƙarshe da Union Pacific ya saya, ALCO ya miƙa shi a watan Disambar 1944, auta a cikin 'yan uwa 45 da aka fara ƙerawa tun 1937. Matsin tukunyarsa ɗaya ne da na Big Boy, amma ƙarfin jansa fam 63,800 ne, bai kai rabin na wancan ba, domin duk abin da yake da shi a gudu aka zuba shi. An yi shi ne don ya ɗauki dogon jirgin fasinja ya ratsa filayen Nebraska da Wyoming a kan lokaci, kuma wuce mil 100 a awa, wato kilomita 160, ba baƙon abu ba ne ga samfurinsa. Ya ja manyan jiragen kamfanin irin su Overland Limited da Los Angeles Limited da Portland Rose. A gefen hancinsa akwai faffaɗan faranti biyu na ƙarfe da ake wa laƙabi da kunnen giwa, waɗanda ke tura iska sama ta ɗage hayaƙi kada ya rufe wa direba ido. Da dizal ya ƙwace jiragen fasinja, sai aka mayar da shi jan kaya a Nebraska daga 1957 zuwa 1959, kuma ya yi aikin ba tare da ya ba da kunya ba, wanda ke nuna dalilin da ya sa kamfanoni da yawa suka ɗauki 4-8-4 a matsayin injin da ya fi dacewa da aiki biyu: murhu babba a kan ƙafafu huɗu na baya, jiki guda ba gaɓa, gyara mai sauƙi idan aka kwatanta da mai silinda huɗu.

Yana da wata daraja da babu mai ita a cikin manyan injunan Amurka, wato ba a taɓa cire sunansa daga rajistar injunan kamfanin ba. A 1960 aka keɓe shi don tafiye-tafiye na musamman, kuma daga 1962 zuwa 1989 ya amsa lamba 8444 saboda an ba wani injin dizal lambarsa, da aka yi wa dizal ɗin ritaya ya karɓi abarsa. A ganina, idan kyawun ƙira da daidaiton sassa ake magana, 844 ya fi Big Boy. Amma ba zan ba kowa shawarar ya sayi tikitin jirgin sama dominsa ba, domin tun da 4014 ya dawo shi ne kamfanin ke yawan fitarwa rangadi, 844 kuwa galibi yana cikin rumfar gyara a Cheyenne, wurin da ma'aikata ce ba gidan kallo ba, ba a buɗe ta ga jama'a sai a wasu ranaku ƙalilan.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Challenger, 4-6-6-4, wanda Union Pacific ya mallaki guda 105 daga 1936 zuwa 1944, kuma daga gare shi aka faɗaɗa zanen Big Boy. Ƙafarsa inci 69, ƙarfin jan na baya-bayan fam 97,350, ya ja kaya ya kuma ja fasinja a hanyoyi masu duwatsu. Mai lamba 3985 ya taɓa jan taragun kwantena 143 shi kaɗai a 1990. Rabonsa da layi tun 2010, kuma a 2022 aka ba da shi ga wata ƙungiyar adana kayan tarihi a Silvis ta jihar Illinois domin a farfaɗo da shi, saboda haka a yanzu ba ya cikin lissafin mai neman ganin wuta na ci.

Sai 611, wanda labarinsa ya bambanta tun daga tushe. Norfolk and Western kamfani ne da arzikinsa ya dogara ga jigilar kwal daga duwatsun West Virginia zuwa gaɓar teku, saboda haka ya riƙe tururi har 1960, bayan sauran manyan kamfanoni sun sallama, kuma galibi ba ya sayen injuna a waje, a masana'antarsa ta Roanoke yake ƙera abinsa. Samfurin J guda 14 ne, daga 1941 zuwa 1950, kuma 611 ya fito a watan Mayun 1950, lokacin da kowa ya san zamanin ya zo ƙarshe. Ko da yake lambobin ƙafafunsa ɗaya ne da na 844, masu zanensa sun zaɓi ƙafa mai inci 70 saboda layinsu hawa ne da kwana, suka samu ƙarfin ja na fam 80,000, wanda ya ɗara na 844 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ƙaramar ƙafa ta rage na gudu kuma suka rama shi da sandunan ƙarfe marasa nauyi, da boris a kowace mahaɗa, da daidaita nauyin ƙafafu da kyau, har ɗan uwansa mai lamba 610 ya kai mil 110 a awa a wani gwaji. Ga ɗalibin injiniya wannan darasi ne babba, domin tsari ɗaya ne bambancin yanayin ƙasa ya sa aka fassara shi ta hanya biyu. An lulluɓe jikinsa da sulke mai santsi, hanci kamar kan harsashi, baƙi wuluk da jan layi mai duhu da ratsin ruwan zinariya, kuma ya ja jiragen Powhatan Arrow da Pocahontas da Cavalier tsakanin Norfolk da Cincinnati.

A watan Janairun 1956 ya kauce daga layi a wata kwana a West Virginia ya gangara bakin kogin Tug, kuma babban gyaran da aka yi masa bayan haɗarin na daga cikin dalilan da suka sa ya fi 'yan uwansa lafiya lokacin da aka ajiye su a 1959, shi kaɗai ya tsira. An tashe shi a 1982 ya yi aiki har 1994, aka sake tashinsa a 2015. Ta hanya biyu ya fi injunan Union Pacific. Na farko, har yanzu kwal yake ci, saboda haka warin hayaƙi, da burbushin gawayi da ke sauka a kan riga, da aikin mai kula da wuta, duk na asali ne, irin abin da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Zariya za su gane nan take. Na biyu, ana sayar da tikitin shiga taragun da yake ja, alhali a rangadin 4014 kujerun jama'a kaɗan ne ƙwarai, kuma idan an samu tsadarsu ba ta talaka ba ce. Rauninsa shi ne mai shi, Gidan Tarihin Sufuri na Virginia, ba shi da layin kansa, sai inda aka gayyace shi. Ya yi zama a Strasburg ta jihar Pennsylvania, layin da tsawonsa bai wuce mil huɗu da rabi ba, inda injin da aka gina don gudun mil ɗari yake tafiya kamar mai rakiyar amarya, ya kuma yi tafiye-tafiye daga Goshen a Virginia a kakar 2023. Idan ba lokacin tafiya ba ne, ana iya samunsa a girke a Roanoke, amma sai an bincika tukuna, kada mutum ya je ya tarar ya yi balaguro.

To, ina mutum zai dosa? Ya danganta da abin da ya kai shi. Wanda burinsa fahimtar yadda injin ke aiki ne, ni a ganina kada ya fara da mai rai. Injin da ke da wuta ba a barin kowa ya matsa kusa da shi, jama'a sun yi masa zobe, kuma tsayawarsa a ƙananan garuruwa sau da yawa ba ta wuce rabin awa ba. Big Boy bakwai ne a girke, kuma a gabansu mutum zai iya yin yini yana bin bututun tururi da ido daga tukunya zuwa silindar gaba, ya durƙusa ya ga gaɓar da ke haɗa rukunin ƙafafun biyu, ya ƙirga bututun yashi. Hausawan da ke zaune a Bronx da sauran unguwannin Niyok mai lamba 4012 ne ya fi kusa da su, a Steamtown da ke Scranton, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna a mota. Na Texas suna da 4018 a Frisco kusa da Dallas. Akwai 4005 a Denver da 4017 a Green Bay, waɗanda ke cikin gini, abin da ke da amfani a lokacin sanyi, sai 4006 a St. Louis, 4023 a Omaha, da 4004 a wani lambu a Cheyenne. Wannan zaɓi shi ne mafi arha kuma mafi tabbas, tunda abin da aka girke ba ya sauya jadawali.

Wanda yake so ya zauna a tarago ya ji fizgar tururi a bayansa, ko ya kai yara su ga irin jirgin da kakanninsu suka hau zuwa Legas ko Nguru, 611 ne nasa, muddin ya dace da lokacin da aka sanar da tafiya kuma ya sayi tikiti da wuri. Wanda kuwa tafiya ɗaya tak gare shi, kuma abin da yake so shi ne ya tsaya a bakin layi abu mafi girma ya wuce ta gabansa, sai 4014, da sharaɗin ya gina tafiyarsa a kan jadawalin da Union Pacific ke wallafawa a shafinsa na intanet, ba ya je da fatan dacewa ba. A jadawalin ana bambanta gajeriyar tsayawa da ranakun baje koli, inda injin ke yini a wuri ɗaya, kuma na biyun ne ya cancanci doguwar tafiya. Kada ya yi mamaki idan ya ga ƙarin taragun ruwa a bayan injin, domin tankunan da ke shayar da jirage a tashoshi an rushe su tun tuni, ko ya ga injin dizal a cikin jerin, wanda galibi don taimakon birki da ko-ta-kwana ake haɗa shi. Kamfanin yana neman kowa ya ja baya aƙalla mita takwas daga layi, kuma ya fi kyau a nemi wuri a wajen gari inda layin ke hawa ko shan kwana, a isa da awa ɗaya ko biyu kafin lokaci, domin titunan da ke bin layin cika suke yi da motocin masu rakiya, kuma jirgin kan makara.